Ekklesiyar Yan'uwa a Nigeria

Ekklesiyar Yan'uwa a Nigeria, wadda aka fi sani da EYN, ikilisiya ce ta Kiristoci 'yan Furotesta da ke da hedikwata a Kwarhi, kusa da Mubi, a ƙaramar hukumar Hong ta Jihar Adamawa. An kafa ta a garin Garkida a shekarar 1923, kuma mafi yawan mabiyanta suna zaune ne a kudancin Jihar Borno da arewacin Jihar Adamawa, a tsakanin al'ummomin Bura, Margi, Kamwe, Kibaku, Kilba, Fali da mutanen duwatsun Gwoza. Da harshen Hausa ake gudanar da yawancin sujadarta da tarurrukanta, shi ya sa ma sunanta na hukuma da Hausa yake. Ita ce mafi girma a cikin ikilisiyoyin 'Yan'uwa na duniya, domin ana ƙiyasta masu halartar sujadarta da kusan mutum miliyan ɗaya.

An san EYN da aƙidar zaman lafiya da ƙin ɗaukar fansa. Ƙasar da ta yi saiwa a cikinta ita ce ta zama tsakiyar fagen rikicin Boko Haram daga shekarar 2009, kuma tana cikin ikilisiyoyin da suka fi yin asarar rayuka da majami'u a wannan rikici. Yadda mabiyanta suka ci gaba da sujada da waƙoƙin yabo a sansanonin gudun hijira da cikin kangayen majami'un da aka ƙone ya jawo hankalin ikilisiyoyi da masu bincike a ciki da wajen Najeriya.

Asali

Tushen ikilisiyar yana komawa ga ƙauyen Schwarzenau na ƙasar Jamus, inda a shekarar 1708 mutum takwas, ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack, suka yi wa juna baftisma a kogin Eder. Sun yi imani cewa baftisma ta wanda ya girma ya ba da gaskiya da kansa ce, kuma mai bin Almasihu ba ya ɗaukar makami ko yin rantsuwa. Wannan ra'ayi ya saɓa wa dokokin ƙasashen Jamus na lokacin, sai aka tsananta musu. Daga 1719 suka fara ƙaura zuwa Pennsylvania ta Amurka, inda ƙungiyar ta bunƙasa ta zama Cocin 'Yan'uwa. Ana lissafa ta tare da Menonayit da Kwaka a matsayin ikilisiyoyi uku na tarihi masu aƙidar salama.

A ƙarshen 1922 Cocin 'Yan'uwa ta Amurka ta aiko 'yan mishan biyu zuwa Najeriya, H. Stover Kulp da Albert Helser. Niyyarsu ita ce su zauna a ƙasar Biu, amma gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila tana taƙaita aikin mishan a yankunan da ke ƙarƙashin sarakunan Musulunci, don haka suka sauka a Garkida, a gaɓar kogin Hawul. Ranar 17 ga Maris 1923 suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya. Har yanzu EYN na tunawa da wannan rana kowace shekara a matsayin ranar kafuwarta.

Shekarun farko sun zo da wahala. A 1924 Ruth, matar Kulp, ta rasu a Garkida tare da jaririn da ta haifa. Sai a 1927 aka yi wa mutanen farko baftisma. A hankali aikin ya faɗaɗa: aka buɗe tasha a Lassa cikin Margi a ƙarshen shekarun 1920, a Marama a farkon shekarun 1930, a Chibok a 1941, sannan a Gulak a 1948. 'Yan mishan sun koyi Bura da Margi, suka fara fassara sassan Sabon Alkawari zuwa waɗannan harsuna.

Makarantu da asibitoci

Tun daga farko mishan ta haɗa wa'azin bishara da koyar da karatu, jinya da aikin gona. An gina asibitoci a Garkida da Lassa, kuma a 1929 aka buɗe wurin jinyar kuturta a Virgwi, kusa da Garkida. Mutane daga ƙabilu daban-daban suka riƙa zuwa neman magani, da yawa kuma suka koma garuruwansu a matsayin masu bishara bayan sun warke. Mai Sule Biu, ɗan gidan sarautar Biu wanda ya zo Virgwi jinya, ya zama ɗaya daga cikin limaman farko 'yan ƙasa da aka naɗa.

A 1942 mishan ta kafa makarantar Hillcrest a Jos, a 1952 kuma ta buɗe makarantun Waka kusa da Biu, inda aka horar da malamai masu yawa na yankin arewa maso gabas. A farkon shekarun 1960 aka kafa Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp a Kwarhi, wadda ke koyar da ɗalibai tauhidi tare da noma da garmar shanu, domin mai bishara ya iya ciyar da iyalinsa a ƙauyen da aka tura shi. Yanzu ita ce babbar makarantar horar da fastocin EYN.

Daga asibitin mishan na Lassa ne cutar zazzaɓin Lassa ta samo suna. A watan Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba, aka kai ta Jos inda ta rasu. Daga samfurin jinin waɗanda suka kamu aka gano ƙwayar cutar a Jami'ar Yale ta Amurka.

A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi makarantu da asibitocin mishan. Ikilisiya ta mai da hankali ga shirin kiwon lafiya na karkara mai suna Lafiya, wanda ke horar da ma'aikatan ƙauye su koyar da tsafta da rigakafi ta hanyar labarai da waƙoƙi, da kuma shirin haƙa rijiyoyi.

Samun 'yancin kai

A 1955 ikilisiyar ta shiga cikin waɗanda suka kafa Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Sudan, wadda daga baya ta koma TEKAN. A cikin wannan tarayya ana kiranta Lardin Gabas. Tana kuma cikin masu Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Najeriya da ke Bukuru. A 1959 mishan ta Basel daga ƙasar Suwizalan ta fara aiki a duwatsun Gwoza, kuma majami'un da suka fito daga aikinta sun haɗe da na 'Yan'uwa. A 1972 Lardin Gabas ya sami cikakken 'yancin gudanar da kansa daga mishan, a 1976 kuma ya ɗauki sunan Ekklesiyar Yan'uwa a Nigeria.

Bayan tafiyar yawancin 'yan mishan ne ikilisiyar ta fi bunƙasa. Ma'aikata da 'yan kasuwa 'yan asalin yankin sun kafa majami'u a Maiduguri, Yola, Jos, Kano, Kaduna, Abuja da Legas, kuma tana da rassa a Kamaru, Nijar da Togo.

Tsarin shugabanci

Tsarin EYN yana da matakai huɗu. A ƙasa akwai ƙananan rassa na ƙauyuka da unguwanni, sai majami'u masu cikakken iko da ke da majalisarsu, sai gundumomi da ke haɗa majami'u da dama, sai babban taron shekara-shekara da ake kira Majalisa, wanda ke zaɓen shugabanni da yanke manyan shawarwari. Rabaran Samuel Dante Dali ya shugabanci ikilisiyar daga 2011 zuwa 2016, Rabaran Joel S. Billi daga 2016 zuwa 2024, sannan aka zaɓi Rabaran Daniel Y. C. Mbaya. EYN mamba ce a Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, da Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya.

Imani da ibada

EYN ta ɗauki Sabon Alkawari a matsayin ma'aunin imani da zaman yau da kullum, tana kuma ba wa'azin Yesu a kan dutse, wanda ke cikin Matiyu sura 5 zuwa 7, muhimmanci na musamman. Daga nan take ɗauko koyarwarta kan ƙaunar maƙiyi, gafara da ƙin rama mugunta. Ana yin baftisma ga wanda ya furta bangaskiya da bakinsa, ta hanyar nitsarwa cikin ruwa sau uku. Kafin cin jibin Ubangiji ana wanke wa juna ƙafafu, bisa abin da Yesu ya yi wa almajiransa a Yohanna sura 13. Ana kuma shafa wa marasa lafiya mai tare da addu'a.

Waƙa ce ke cin babban kaso na sujadar Lahadi. Ana rera waƙoƙi daga Littafin Waƙoƙi na Hausa da ikilisiyoyin arewa da yawa ke amfani da shi, sannan ƙungiyoyi su fito ɗaya bayan ɗaya: ƙungiyar mawaƙa, matasa, 'yan Sabon Rai Don Kowa, da Zumuntar Matan Ekklesiya, wato ZME. A majami'un birane akan ba kowace ƙabila dama ta yi waƙa da harshenta.

ZME ita ce ƙungiya mafi ƙarfi a cikin ikilisiyar. Matan na sanya anko na atamfa mai ɗauke da tambarinsu, suna waƙa da salon bayarwa da amshi, da ganguna, tulun kiɗa na yumɓu, caki da kuge. Da yawa daga cikin waƙoƙinsu su da kansu suke tsarawa, ana koyonsu da ka, kuma sukan ɗauko labarin Littafi Mai Tsarki ko abin da ke damun jama'a a lokacin. Ban da waƙa, su ne ke ziyartar marasa lafiya, gwauraye da gidajen makoki, suna tara hatsi da kuɗi don mabukata. EYN ba ta naɗa mata aikin fasto, amma da yawansu sun yi karatun tauhidi suna koyarwa a makarantunta.

Rikicin Boko Haram

Kafin Boko Haram, majami'un EYN na birane sun sha taɓuwa a rikice-rikicen addini, ciki har da tarzomar Maiduguri ta Fabrairun 2006. A tayar da ƙayar bayan da ƙungiyar ta yi a watan Yulin 2009 an lalata babbar majami'ar EYN ta Maiduguri. Daga 2012 hare-hare suka tsananta a ƙauyukan kudancin Borno, musamman bayan duwatsun Gwoza, inda dubban mutane suka tsallaka zuwa Kamaru.

Shekarar 2014 ce mafi muni. A daren 14 ga Afrilu aka sace ɗalibai mata 276 daga makarantar sakandaren gwamnati ta Chibok, 57 suka tsere a kwanakin farko. Mafi yawan 'yan matan daga iyalan EYN suke. A watan Yuni aka kashe mutane masu yawa a Ngoshe, Attagara da ƙauyukan da ke kewaye, aka kuma kai hari majami'un Kwada da Kautikari ana cikin sujadar Lahadi. Gwoza ta faɗa hannun maharan a watan Agusta, Michika a watan Satumba. Ranar 29 ga Oktoba suka mamaye hedikwatar EYN da makarantar Kulp a Kwarhi, suka kama Mubi. Ma'aikata da ɗalibai suka watse cikin daji, wasu suka bi ta Kamaru kafin su isa Yola. Shugabannin ikilisiyar suka koma Jos suka buɗe ofishin wucin gadi.

A 2015 Rabaran Dali ya bayyana cewa an kashe mabiya EYN fiye da 8,000, an raba kimanin 700,000 da gidajensu, an kuma ƙone majami'u da ƙananan rassa fiye da 1,600. A wani taron manema labarai a Yola a watan Yulin 2020, Rabaran Billi ya ce adadin mamatan ya haura 8,370, ciki har da fastoci takwas. Rikicin bai tsaya kan Kiristoci kaɗai ba. Boko Haram ta kashe dubban Musulmi, ta tayar da bama-bamai a masallatai, ta kashe malamai da sarakunan da suka ƙi bin ta, kuma shugabannin EYN sun sha nanata wannan a jawabansu.

Sujada a gudun hijira

Abin da masu lura da al'amura suka fi ambata game da waɗannan shekaru shi ne yadda majami'un da aka tarwatsa suka sake haɗuwa a inda mutanensu suka sauka. A sansanin Minawao da ke arewacin Kamaru, wanda aka buɗe a 2013, 'yan gudun hijira daga Gwoza sun kafa majami'u bisa tsarin da suka baro a gida, da dattawa, ƙungiyar mawaƙa da zumuntar mata. Haka aka yi a Yola, Maiduguri, Jos, Jalingo da kewayen Abuja. Ana taruwa a ƙarƙashin itatuwa, rumfunan zana ko azuzuwan makaranta. Fastocin da suka rasa majami'u da albashi sun ci gaba da yin baftisma, ɗaurin aure da jana'iza a tsakanin mutanensu.

Yanayin waƙar ZME ya taimaka wajen wannan. Tun da waƙoƙin a ka suke, ƙonewar littattafai ba ta tafi da su ba, kuma kayan kiɗan irin waɗanda ake iya samu a kowace kasuwa ne. Mata kaɗan da suka fito daga gunduma ɗaya sun isa su tayar da ƙungiya. Ga waɗanda suka baro ƙauyukansu ba tare da komai ba, rera waƙa da harshen Glavda, Margi ko Kibaku a baƙon wuri ya zama hanyar riƙe asali da gane juna, baya ga kasancewarsa ibada.

Yabo cikin wahala yana da tsohon tushe a al'adar Kirista. Littafin Zabura cike yake da waƙoƙin kuka da ke ƙarewa da dogara ga Allah, littafin Ayuba ya tsaya a kan tambayar wahalar mai adalci, Ayyukan Manzanni sura 16 kuma ta ba da labarin Bulus da Sila suna waƙa a kurkuku da tsakar dare. Ga mabiya EYN akwai ƙarin tarihin kakannin ikilisiyarsu na Jamus, waɗanda su ma aka kora daga gidajensu saboda imaninsu.

A lokacin bazarar 2015 wata tawagar mawaƙan ZME ta zagaya majami'un 'Yan'uwa a jihohin Amurka da dama, ta kuma yi waƙa a babban taron shekara na cocin a birnin Tampa na Jihar Florida. Da yawa daga cikin matan su ma 'yan gudun hijira ne, ko sun rasa 'yan'uwa a rikicin. A wurin taron an baje wani dogon bango mai ɗauke da sunayen dubban mutanen da aka kashe, waɗanda Dakta Rebecca Dali da ƙungiyarta ta CCEPI suka tattara ɗaya bayan ɗaya daga bakin iyalansu. Tun a 2014 cocin ta Amurka ta raba wa majami'unta sunayen 'yan matan Chibok, kowace majami'a ta riƙe suna guda tana yi wa mai shi addu'a.

Lawan Andimi da harin Garkida

A farkon Janairun 2020 mahara suka shiga Michika suka sace Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban CAN na ƙaramar hukumar. Bayan 'yan kwanaki aka fitar da wani bidiyo inda ya roƙi a nemi a sake shi. A cikin bidiyon ya yi magana cikin natsuwa, ya nuna cewa bai karaya ba domin komai na hannun Allah, ya kuma roƙi iyalinsa da abokan aikinsa kada su yi baƙin ciki, su gode wa Allah ko ya dawo ko bai dawo ba. An kashe shi ranar 20 ga Janairu. Kalamansa sun yaɗu a majami'un Najeriya da na ƙasashen waje, kuma a farkon Fabrairu CAN ta shirya azumi, addu'a da tattaki a faɗin ƙasar.

Ranar 21 ga Fabrairu 2020 aka kai hari Garkida, mahaifar ikilisiyar, aka ƙone majami'ar EYN tare da wasu majami'u da gidaje. A lokacin matan ZME na gundumar suna cikin taronsu na shekara a garin, amma sun tsira. Ranar Lahadin da ta biyo baya jama'a suka taru a kangon majami'ar suka yi sujada. A jajibirin Kirsimeti na wannan shekara an sake kai hari Garkida da ƙauyen Pemi kusa da Chibok, inda aka sace faston EYN na Pemi, wanda aka sako a watan Maris 2021.

Aƙidar salama a ƙarƙashin gwaji

Rikicin ya jefa ikilisiyar cikin tambaya mai nauyi: shin koyarwar ƙin ɗaukar makami za ta iya tsayawa a inda ake yanka mutane a gidajensu, jami'an tsaro kuma ba sa isowa a kan lokaci? Matsayin shugabanni a hukumance bai sauya ba. Sun ci gaba da hana ɗaukar fansa, suna kiran gwamnati ta sauke nauyin da ke kanta na kare rayuka. Amma a garuruwa da dama matasa, Kiristoci da Musulmi, sun shiga ƙungiyoyin 'yan banga da mafarauta don tsare unguwanninsu, kuma muhawara kan bambancin kare kai da ramuwar gayya ba ta ƙare ba a tsakanin fastoci da mabiya.

Komawa gida ma ta zo da nata gwajin. Wasu sun tarar maƙwabtan da suka sani ne suka nuna gidajensu ko suka kwashe kayansu. Wasu kuma Musulmin maƙwabta ne suka ɓoye su ko suka nuna musu hanyar tsira. Matan da suka kuɓuto daga hannun maharan da ciki ko da goyo sun fuskanci ƙyama, har a cikin danginsu. Domin tunkarar wannan, EYN ta fara tarurrukan warkar da raunin zuciya, bisa tsarin da aka ɓullo da shi a Ruwanda da Burundi bayan kashe-kashen da aka yi a can, inda mutane ke faɗin abin da ya same su a gaban juna kafin a kai ga maganar gafara. Ƙungiyar CCEPI ta ɗauki nauyin karɓar irin waɗannan mata da 'ya'yansu, kuma a 2017 aka ba Dakta Rebecca Dali lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a birnin Janeba saboda wannan aiki.

A Mubi ikilisiyar ta haɗa hannu da malaman Musulunci a ƙarƙashin shirin zaman lafiya na CAMPI, wanda ke kafa ƙungiyoyin salama a makarantu. A 2016 aka ba EYN da abokan aikinta Musulmi na CAMPI lambar zaman lafiya ta Michael Sattler a Jamus. A Gurku ta Jihar Nasarawa, Markus Gamache, ma'aikacin EYN, ya jagoranci kafa wani matsuguni inda iyalan Kiristoci da Musulmi 'yan gudun hijira ke zaune gida kusa da gida, da majami'a da masallaci.

Sake gini

Sojoji sun ƙwato Mubi a watan Nuwamban 2014, Gwoza kuma a watan Maris 2015. A 2016 ma'aikatan hedikwata suka koma Kwarhi, makarantar Kulp ta ci gaba da karatu a mazauninta. Cocin 'Yan'uwa ta Amurka, ƙungiyar Mission 21 da ta gaji mishan ta Basel, da wasu ƙungiyoyin agaji sun tara miliyoyin daloli don abinci, iri, taki, kwanon rufi da magani, kuma rabon kan haɗa da Musulmin da abin ya shafa. A wurare da yawa mabiya sun fara da rumfa a gefen kangon tsohuwar majami'a, suna tara kuɗi daga baikon Lahadi da amfanin gona har su tayar da sabon gini. Watsuwar mutane ta kuma haifar da sababbin majami'u a jihohin da a da EYN ba ta da yawa a cikinsu.

Har yanzu ba duka aka koma ba. Dubban mabiya daga bayan duwatsun Gwoza sun daɗe a Minawao, ƙauyukan Chibok, Askira, Madagali da Hong kuma na ci gaba da fuskantar hare-hare lokaci-lokaci, musamman a lokacin noma da girbi. An sako 21 daga cikin 'yan matan Chibok a watan Oktoban 2016, wasu 82 a watan Mayun 2017, wasu kuma sun kuɓuta ɗaiɗai daga baya, amma a lokacin cika shekara goma da sace su a 2024, fiye da 80 ba su dawo ba. A watan Maris 2023 ikilisiyar ta yi bikin cika shekara 100 da kafuwa, tare da baƙi daga Amurka da Turai, inda aka gudanar da sujadar godiya a Kwarhi da kuma Garkida, garin da aka yi sujadar farko.